Wa zai raɗa mana sunan "aquarium" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Ɗan yayata da ke karatu a jihar Ilinoy ta Amurka ya turo bidiyo jiya da daddare. Ya je fatsa wani tafki, ya kamo kifaye uku masu faɗi kamar tafin hannu, maimakon ya kai su kasko sai ya zuba su a wani akwatin gilashi a falonsa, da tsakuwa a ƙasa da guntun icce da ɗan inji yana ta ɓulɓulo kumfa. Na nuna wa Hajiyarmu. Ta gyara tabarau ta ce, "Ai wannan karfasa ce. Me yake jira, ko ba su da mai a can?" Sai ta tambayi sunan abin da aka zuba su ciki. Na buɗe baki, ba abin da ya zo sai "aquarium". Kifin kuma "sunfish" suke ce masa. Suna biyu nake nema.

Da na jefa tambayar, wanda ya fara amsawa ya ce tankin kifi, an gama. A'a, ɗan'uwa. Ka ce tankin kifi a Kano, kowa zai hango baƙar robar nan da ake kiwon tarwaɗa a bayan gida, a sayar wa masu farfesu. Wannan kuwa ba don ci ake ajiye shi ba, don kallo ne. Kejin kifi ma an kawo, na so shi saboda kanari da aku, amma masu kiwo a madatsun ruwa sun riga mu, kejinsu na raga ne yana yawo a kan ruwa.

Wata malama ta ce randar kifi. Yana da daɗi a baki, sai dai randa ba a ganin cikinta, kuma duk yaron da ya ji randa moɗa zai ɗauko.

Can sai ga wani dattijo daga Yawuri, wanda ya ce ya tsufa a kan ruwa: "Yaro, abin da aka tsare a gida, ana ba shi abinci ana share masa kashi, ai akurki yake ciki. Ku ce akurkin kifi." Baba, Allah ya ƙara girma, ka harbi tsuntsu biyu. Ma'ana ta zauna, kuma ku faɗi akurki ku faɗi akwariyam ku ji yadda suke kama da 'yan ɗaki ɗaya. Manyan na gari da ake biyan kuɗi a shiga kallo, su a bar musu gidan kifi. Na farkonsu da aka buɗe a gidan dabbobi na Landan a 1853 da ma sunansa ke nan da Turanci, kafin kalmar "aquarium", wadda tushenta ruwa ne da Latin, ta bazu.

Kifin ne ya fi ba mu wuya. Mutum huɗu sun ce kifin rana. Ban yarda ba. Turawan da kansu sun rikita sunan, don akwai wani "sunfish" na teku da ke haura tan biyu, wanda ba akurkin da zai ɗauke shi. Na yaron namu na ruwan daɗi ne, ɗan asalin Amurka ta Arewa, daga dangin da masana ke kira Lepomis. Irin wanda ya kamo, mai baƙin tabo a murfin kunne, shi jihar Ilinoy ta zaɓa a matsayin kifinta, kuma yana iya kai santimita 30. Shi ya sa ake so a ba shi akurki mai cin lita 200 ko fiye. Ba ya buƙatar a ɗumama masa ruwa. Gyare da tana yake ci, kuma duk ƙaramin kifin da ya shige bakinsa ya zama kalaci.

Na goyi bayan Hajiya: karfasar Amurka. Wani ɗalibin kimiyya ya yi tsalle ya ce ba danginsu ɗaya da karfasa ba. Gaskiyarka, ƙanena, amma dankalin turawa ma ba ɗan'uwan dankali ba ne, kuma ba wanda ya taɓa ɓata a kasuwa. Kalmar Amurka da ke jikin sunan tana da aiki, tana tuna wa mutum cewa baƙo ne, kada a sake shi a ruwan wani. A 1960 magajin garin Chicago ya ba Yarima Akihito na Japan kyautar irinsa, suka yaɗu har tafkin Biwa suna cinye ƙwan kifin gida, a 2007 Akihito, yana sarki, ya fito ya nuna nadamarsa. Na kuma ce wa yaron ya duba dokar jiharsa, don lasisin fatsa ba lallai ya ba shi damar ɗaukar kifi da rai ba.

Ɗazu ya sake turo wani bidiyon. Namijin ya share tsakuwa da jela, ya yi ɗan gurbi kamar faranti, ya tsaya a kai yana korar sauran biyun har sun laɓe bayan iccen. Hajiya ta kalla ta ce, "To wannan ai zakara ne. Ku gaya masa ya ƙaro akurki."