An aiko mini da imel wai za a mayar mini da rarar haraji

Malamin makaranta, Kano:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare, kuma ana cire mini haraji daga albashi kowane wata. Shekaranjiya na tarar da wani saƙo a imel ɗina mai ɗauke da tambarin hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, yana cewa an cire mini fiye da ƙima a bara, saboda haka akwai rarar naira 48,500 da za a mayar mini idan na cike wani fom cikin awa 48. Na rubuta sunana da lambar wayata, amma da shafin ya nemi BVN da lambobi 16 na katin ATM ɗina da ukun da ke bayansa, sai jikina ya ba ni cewa akwai lauje cikin naɗi, na rufe. Shin hukuma takan yi haka, ko kuwa damfara ce?

Akanta, Kaduna:
Wa alaikumus salam, Malam. Damfara ce, kuma saƙon da kansa ya tona asirinsa. Harajin da ake cirewa daga albashi, wato PAYE, hukumar tara haraji ta jihar da mutum yake zaune ce take karɓarsa, ban da na sojoji da 'yan sanda da wasu rukunoni kaɗan da ke zuwa ga tarayya. Naka yana hannun hukumar Jihar Kano, don haka hukumar tarayya ba ta riƙe da kuɗinka balle ta mayar maka. Ƙari a kan haka, dokokin harajin da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025 sun maye gurbin FIRS da sabuwar hukumar tara haraji ta ƙasa, NRS, kuma irin wannan sauyi ne mazambata suke jira, domin sun san mutane ba su gama fahimtarsa ba. Ka duba adireshin da aka aiko saƙon daga gare shi, harafi bayan harafi. Na hukumomin gwamnati yana ƙarewa ne da gov.ng. Wanda zai tura maka kuɗi lambar asusunka kawai yake bukata, lambobin kati kuwa na cirewa ne.

Hajiya mai shago, Zariya:
Malam, ka gode wa Allah da ka tsaya, sai dai ka shirya wa kiran waya tunda sun sami lambarka. Ƙanena ya cike irin wannan fom har ƙarshe, bayan 'yan mintoci wani ya kira shi cikin ladabi, ya ambaci cikakken sunansa, ya ce daga banki yake, ya nemi ƙanen nawa ya karanto masa lambar sirri ta OTP da ta shigo wayarsa domin a kammala turo kuɗin. Yana gama karantawa saƙonnin cire kuɗi suka fara shigowa a jere, muna zaune a shago yana kallon wayar hannunsa na rawa. Jarin kayan sallah ne gaba ɗaya. Mun kai ƙorafi banki, amma an riga an rarraba kuɗin zuwa wasu asusu.

Ɗalibi, Ingila:
Mu ma a nan muna fama da irin wannan saƙo, da sunan hukumar harajin Birtaniya, HMRC, musamman bayan 5 ga Afrilu da shekarar haraji take ƙarewa. Hukumar ta sha nanata cewa ba ta neman bayanan banki ta imel ko saƙon waya. Ni yanzu ba na taɓa mahaɗin da ke cikin saƙo, nakan buɗe shafin hukumar da kaina in duba.

Malamin makaranta, Kano:
Na gode muku ƙwarai. Hajiya, maganarki ta tabbata, domin ɗazu da la'asar wani ya kira ni yana tambayar dalilin da ya sa ban kammala fom ɗin ba, na kashe wayar na toshe lambar. Na tura hoton saƙon a zauren WhatsApp na malaman makarantarmu, sai ga mutum biyu sun ce su ma an aiko musu, kuma adadin kuɗin iri ɗaya ne da nawa.