Kwayil ne ko fulogi? Abin da osiloskop ke nunawa idan mota tana mis

Mai Corolla, Arkilla: Assalamu alaikum. Corolla ce mai kwayil huɗu, kowane fulogi da nasa. Da safe lafiya lau, amma da injin ya ɗau zafi sai ta fara rawa a silo, ga lambar matsala P0303, wato silinda 3 na mis. Mita ba ta nuna komai ba. Akwai ƙaramin osiloskop na USB a gida, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a allon kwamfuta. Ta ina ake farawa?

Mai wayarin, Mabera: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mita tana auna kwayil ne a sanye, shi kuwa ciwon wanga sai waya ta cikinai ta yi zafi take buɗewa. A zafin Afrilu na Sakkwato, da ake wuce digiri 40, ga injin na gasa shi daga ƙasa, nan yake tona kansa. Ka bari fanka ta tashi sau ɗaya tukuna ka fara awo.

Kwayil ɗin Toyota waya huɗu gare shi: wutar batir, negatif, IGT da IGF. IGT umarni ne daga birenbos, wato kwamfutar mota, za ka gan shi a allo kamar ɗan akwati mai tsayin bolt 5, faɗinsa milisakan 2 zuwa 4. IGF kuma amsar da kwayil ke mayarwa cewa ya harba. In IGT na zuwa daidai amma IGF na ɓacewa jefi-jefi, birenbos ya fita zargi, saura kwayil da soket ɗinsa. Ka soka siririyar allura ta bayan soket, kada ka huda robar waya.

Bakanike, Runjin Sambo: Maigida ya faɗi gaskiya, amma ni na fi yarda da kilam mai auna am, irin CC-65 na Hantek. Ka sa shi a 1mV/10mA, ka maƙala a wayar wutar da ke ciyar da kwayil ɗin duka, allo kuma a milisakan 20 kowane gida na zanen allon. Za ka ga tudu huɗu suna bin juna, bisa jerin 1-3-4-2. Ka ɗaura tasha ta biyu, wato wayar awo ta biyu ta osiloskop, a IGT na silinda 1 don ka san wane tudu ne na wa, in ba haka ba sai ka canza mai lafiya.

Sannan ka matso da hoton zuwa milisakan 1. Kwayil mai lafiya wutarsa tana hawa a hankali kamar gangare, ta kai wajen am 6 zuwa 8, sai ta yanke tsaf ta faɗi. Wanda wayoyinsa sunka haɗe a ciki ba ya yin gangare, tun farko yake miƙewa tsaye kamar bango. Kada ka damu da haddace adadi. Uku suna kama da juna, ɗaya ya fita daban, to ka samu ɓarawonka.

Malamin lantarki, Gidan Dare: Gargaɗi ga masu tsohuwar mota mai kwayil waya biyu. Lokacin da aka yanke wuta, ɓangaren shiga yana harba bolt 300 zuwa 400, ƙananan osiloskop kuwa da yawa ba sa ɗaukar fiye da 50. Sai da abin rage ƙarfi mai 20:1, in ba haka ba tasha ta ƙone nan take. Wayar negatif a kan batir za ta zauna, kuma a zare cajar kwamfuta daga wutar gida ko janareta kafin a haɗa.

A hoton bolt na ɓangaren shiga abu uku ake dubawa: tsinin harbi, layin ƙuna da ke bin sa na milisakan 1 zuwa 2, da 'yan igiyoyin da ke kaɗawa a ƙarshe, aƙalla uku. Igiyoyin sun ɓace, kwayil ya tafi. Layin ƙuna gajere, bakin fulogi ya buɗe da yawa ko mai ya yi kaɗan. Layin ya yi tsawo, fulogi ya yi baƙi ko silinda ba matsi.

Mai Corolla, Arkilla: Na gwada kilam. Tudu huɗun duk iri ɗaya, har da na 3, kuma har yanzu tana rawa.

Mai wayarin, Mabera: To ba a gama ba, Alhaji. Kilam cikin kwayil yake gani, ba ya ganin inda tartsatsin ya sauka. Zaro kwayil na 3 ka haska ramin da tocila. In gaskit ɗin murfin injin ya saki, za ka iske baƙin mai kwance, robar kwayil ta kumbura. Duba farin jikin fulogi: wani siririn baƙin layi kamar zanen fensir, wanda farce ba ya kankarewa, shi ne hanyar da wuta ta samu tana zurarewa. In ka gan shi, fulogi da roba tare ake canzawa, don tsohuwar roba sai ta sake zana ma sabon fulogi wancan layin. Ka auna bakin fulogi kuma, milimita 1.1 ake so.

Bakanike, Runjin Sambo: Kafin ka je kasuwa, musanya kwayil na 3 da na 1, ka goge lambar, ka zaga da ita ta yi zafi. In ta koma P0301, kwayil ne. In ta tsaya a P0303, ka mayar da kilam kan wayar nozul na 3, mai fesa mai.