Waƙar da na sani ashe ba ita ce ta asali ba: ta ina zan fara?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sha'awar kiɗa. Ina da tambaya, amma sai na fara ba ku labarin abin da ya jawo ta. Kwanakin baya ina zaune a shagon aski ina jiran layi, sai wata waƙar Turanci ta taso daga 'yar sifikar da ke kan kanta, jita tana tafe a hankali, ganga tana bugawa a ƙarƙashinta kamar bugun zuciya, muryar wata mace kuma a dishe. Na ɗaga wayata na sa Shazam, manhajar da ke gano sunan waƙa, ya saurara, sai ya nuna mini cewa sunanta Prayer in C, tare da sunan Robin Schulz, wani mai haɗa kiɗa Bajamushe. Na yi mako biyu ina jin ta safe da yamma kafin in gano cewa abin da nake ji rimiks ne na 2014, ita kuwa waƙar ta asali wasu Faransawa biyu ne da ake kira Lilly Wood and the Prick suka fitar da ita tun 2010.

Da na nemo ta asalin sai jikina ya yi sanyi, domin a can babu gangar rawa, kuma sai a lokacin na lura cewa kalmomin na ƙorafi ne da baƙin ciki, abin da kiɗan rimiks ɗin ya lulluɓe mini gaba ɗaya. Tun daga ranar nake son in shiga wannan fage sosai, amma manhajojin da ke wayata kullum fitattun mawaƙa guda goma suke ta jero mini. Ta wace hanya kuke gano waƙoƙin ƙananan mawaƙa masu cin gashin kansu da kiɗan na'ura mai kyau? Sannan idan rimiks ya fi waƙar asali karɓuwa, wa ya cancanci yabo a tsakaninsu? Ina roƙon waɗanda suka riga ni su ɗora ni a hanya.

Tsohon Mai Kaset:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na shekara da yawa ina sayar da kaset kafin waya ta karɓe kasuwar, kuma tambayarka ta faranta mini rai, domin mafi yawan mutane ba sa komawa su nemi ta asali kamar yadda ka yi. Abu na farko shi ne ka raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. A rimiks, muryar da aka ɗauka tun farko tana nan yadda take, sai a rushe kiɗan da ke kewaye da ita a gina wani. A sake rerawa kuwa, wani mawaƙi ne daban yake ɗaukar kalmomi da karin waƙar ya rera da bakinsa, ya kaɗa da hannunsa.

Asalin rimiks a Jamaika yake, a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970. King Tubby, wanda sana'arsa ta farko gyaran rediyo da amsa-kuwwa ce a birnin Kingston, shi ne ya shahara da zare murya daga waƙar da aka gama, ya bar ganga da bes, wato sautin ƙasa mai kauri, kawai, sai ya riƙa sako guntun muryar tana amsa amo tana ɓacewa. Irin wannan ake bugawa a bayan faifai, kuma daga nan aka sami abin da ake kira dub. A birnin New York kuma, a zamanin disko, Tom Moulton ya riƙa tsawaita waƙoƙi domin masu rawa, har aka koma buga su a kan babban faifai mai inci 12. Abin da na ɗauka daga aikin King Tubby, kuma da shi nake auna kowane rimiks har gobe, shi ne ana gane gwani daga abin da ya cire, ba daga abin da ya ƙara ba.

Game da wanda ya cancanci yabo, ka nemi Tom's Diner ta Suzanne Vega. A kundinta na 1987 murya ce zalla, babu ko tafi. A 1990 wasu 'yan Ingila biyu masu kiran kansu DNA suka ɗora mata ganga ba tare da izini ba, suka fara sayarwa a ɓoye. Maimakon a kai su kotu, kamfanin da ke buga waƙoƙinta ya sayi aikin ya fitar da shi a hukumance, ya kuma kai mataki na biyu a jerin waƙoƙin Birtaniya. Amma ka lura, gangar ta zauna daram ne saboda ita mawaƙiyar ta riga ta saka bugu a cikin numfashinta da yadda take yanka kalmomi, su kawai fito da shi fili suka yi. Wannan muryar ce ma injiniyan Jamus Karlheinz Brandenburg ya yi ta maimaitawa a kunnensa lokacin da yake gyara tsarin MP3, saboda duk wata 'yar ɓarna da matse sauti ya yi sai ta bayyana a kanta.

Ta ɓangaren sake rerawa, ka saurari Heartbeats sau biyu. The Knife, ya da ƙane 'yan Suwidin, sun yi ta a 2002 da na'ura mai kauri da ƙara. Shekara guda bayan haka José González, shi ma ɗan Suwidin, ya rera ta da jita guda ɗaya cikin murya ƙasa-ƙasa. Wato kishiyar abin da ya faru da waƙarka ke nan: shi ya tuɓe mata na'ura ne har kalmomin suka fito. Ni na fi son tasa, amma da ban ji ta farkon ba da ban san girman abin da ya yi ba.

'Yar Damagaram:

Sannu da ƙoƙari, Baba Mai Kaset, Allah ya ƙara basira. Ni zan amsa tambayar farko ne, kuma zan fara da cewa ɗan'uwa ba sai ya je Turai ba kafin ya ji kiɗan na'ura mai zurfi. Mu da muka tashi a Nijar mun sha jin wani sauti mai taushi da ake sawa a rediyo da talabijin na ƙasa tsakanin shiri da shiri, ba mu taɓa tambayar mai shi ba. Ashe Mamman Sani ne, wanda ya sayi ogan, na'urar kiɗa mai madannai, ƙirar Italiya mai suna Orla a shekarun 1970, ya zauna a Yamai yana kaɗa waƙoƙin gargajiya na ƙasar a kanta tare da nasa na kansa. Aikinsa na 1978 ya kwanta shekara da shekaru a kaset kafin kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland a Amurka ya sake fitar da shi a 2013. Ranar da na ji shi a wayata na yi tsaye cik a tsakar gida da tsintsiya a hannu, domin ƙamshin gidanmu na ƙuruciya ne ya dawo mini. Idan aka duba da kyau, sake rerawa ce da na'ura a madadin baki.

Haka nan Mdou Moctar, mai jita ɗan Abzinawa da yanzu yake zagaya duniya, kundinsa na farko mai suna Anar a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da gangar kwamfuta da murya mai lanƙwasa irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ba a shago aka sayar da shi ba, daga memori zuwa memori ya bi ta wayoyin mutane har ya tsallaka Mali, kuma daga nan wata waƙarsa ta shiga tarin da Sahel Sounds ya fitar a 2011 na waƙoƙin da aka kwaso daga wayoyin salula na yankin Sahara. Shi dai wannan kamfani ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Kano mai suna Harafin So a 2013.

Wannan shi ne sirrin da zan ba ka, ɗan'uwa: ka bi ƙaramin kamfani, kada ka bi jerin da manhaja ta tsara maka. Kalmar indi ma daga nan ta samo asali, wato waƙar da ta fito daga hannun ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, irin su Sarah Records na birnin Bristol da ya yi aiki daga 1987 zuwa 1995. Mutum ɗaya ko biyu ne suke zaɓen abin da za a fitar, saboda haka idan kunnenka ya dace da nasu a waƙa ɗaya, akwai alamar zai dace a goma. A Bandcamp, dandalin sayar da waƙoƙi a intanet, ƙananan kamfanoni da yawa suna da shafinsu, kana iya saurare kafin ka saya, kuma sau da yawa a ƙasan kundi akan rubuta sunan wanda ya haɗa kiɗan. A SoundCloud kuma, dandalin da masu kiɗa ke ɗora ayyukansu, ka shiga shafin mai rimiks ɗin da ya burge ka ka duba abin da shi kansa yake so yake kuma sake yaɗawa.

Mai Situdiyo a Fagge:

Ina girmama abin da Baba da Hajiya suka faɗa, amma akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma ni a cikinsa nake kwana nake tashi. Yawancin abin da ake turawa a wayoyi da sunan rimiks a wajenmu ba rimiks ba ne. Mutum ne zai ɗauki waƙar da aka gama, ya ƙara mata gudu har muryar ta koma ta yara, ya ɗora ganga a kan gangar da ke ciki suna karo da juna, sannan ya riƙa kiran sunansa kowane daƙiƙa ashirin. Aikin gaskiya yana buƙatar a ba ka murya daban, kiɗa daban, ka daidaita gudun muryar da sabon bugu, wanda a kiɗan rawa na na'ura da ake kira haus yakan kama tsakanin 120 zuwa 130 a minti ɗaya, ka kuma tabbatar sabon bes ɗinka bai saɓa wa karin mawaƙin ba. Wannan yakan ci kwanaki.

An taɓa yi mini haka da wata waƙa da na kwana uku ina haɗa wa wani yaro mai tasowa. Bayan wata biyu na ji ta a gidan biki an gurgunta ta, an cire sunansa da nawa, kuma ko sisi bai shigo hannunsa ba. Saboda haka labarin DNA da Baba ya kawo yana da daɗi ne kawai domin mai waƙar ta yarda kuma an biya ta haƙƙinta. Ba na ƙin aro, mu da muka ga masu bandiri a Kano sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya sun mayar da su yabon Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, mun san aro yana iya haifar da abu mai daraja. Sai dai a nemi izini, a kuma ambaci mai abu. Shawarata ga mai tambaya ita ce ya ajiye sifikar waya ya sa iyafis mai kyau, domin rabin aikin kiɗan na'ura a ƙasan sauti yake, inda sifikar waya ba ta kaiwa.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren jiya na ari iyafis ɗin yayana na bi shawarar Malam mai situdiyo, na sake jin waƙar tawa, kuma gaskiya akwai wani bes da ke tafe a ƙasa wanda ban taɓa sanin yana nan ba duk tsawon makonnin nan. Daga nan na buɗe shafin Sahel Sounds na sa Mamman Sani a hankali saboda mutanen gida sun kwanta. Mahaifiyata, wadda ta yi ƙuruciyarta a Maraɗi, ta leƙo daga ɗakinta ta tambaye ni inda na samo kiɗan rediyon Nijar, ta zauna a bakin gado har aka gama waƙa ta uku. Baba Mai Kaset, Heartbeats ɗin nan ta The Knife na ji ta sau ɗaya ta yi mini nauyi a kunne. In ci gaba da ita har ta zauna mini, ko in fara da mai jitar sannan in dawo?