Na sayi Charger ta hannu a Jidda, inji ya fara ƙara da safe: ina neman shawara

Ɗan Fagge a Jidda:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan da na sayar da tsohuwar Corolla da nake hawa, na cika kuɗi na sayi Dodge Charger R/T samfurin 2016, mai inji 5.7, ta yi tafiyar kilomita 168,000. Tun ina Kano nake burin irin motar nan, shi ya sa da na ganta ban tsaya dogon ciniki ba. Mai ita ya ce ba ta da matsala, baƙin mai kawai zan riƙa juyewa. Na tambaye shi takardun gyaran da aka yi mata a baya, ya ce ba ya ajiyewa. Ta ci fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, aka juya istimara, wato takardar rajistar mota, da sunana, na hau.

Na yi juye sau ɗaya a wani banshar, wato shagon gyaran taya da juyen mai, kusa da gida. Yaron wajen ya zuba min mai kauri, 20W-50, wai shi ne mai jure zafin ƙasar nan. To yau kwana goma ke nan, idan na tayar da ita da asuba sai in ji tik-tik-tik daga ɓangaren dama na inji, bayan minti biyu ko uku sai ya ɗauke. Babu wata fitila da ta kama a gabana. Nan da mako biyu ina so in kai iyali Ta'if ta hanyar dutsen Hada. Ina da riyal 3,000 a hannu, waɗanda gaskiya na tara ne don in canja salansa in sa mai ruri. Shin in yi tafiyata in duba ƙarar daga baya, ko akwai abin tsoro? Kuma wane irin gyara ya kamata a riƙa yi wa irin waɗannan motoci a kai a kai?

Ɗan Damagaram:

Wa alaikumus salam. Aboki, kowace mota mai babban inji tana ɗan yin haka da sanyin safiya. Ni mai kauri nake zuba wa Hilux ɗina shekara da shekaru, ban taɓa ganin komai ba. Yi tafiyarka, Allah ya tsare. In ta dame ka, ka sa ta a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, tun tana da kyan gani.

Bakanike na Sana'iyya:

Ɗan Damagaram, ka yi haƙuri zan saɓa maka. Injin Hilux daban, wannan daban.

Ƙanena Ɗan Fagge, abu na farko: ka zubar da man nan gobe, kada ka jira ƙarshen mako. Injin motarka, Hemi 5.7, yana da wani tsari da ke kashe silinda huɗu cikin takwas idan kana tafiya a hankali kan miƙaƙƙen titi, don ya rage shan fetur. Da matsin baƙin mai ake kunna tsarin nan ana kashe shi, ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi. Saboda haka aka rubuta 5W-20 a kan murfin da ake zuba man, je ka duba da idonka. Mai kauri ba ya saurin isa sama idan an tayar da inji, kuma a waɗannan daƙiƙu na farko ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Wajen lita shida da rabi take sha, ka tsaya a kansu su buɗe galan a gabanka, a sa sabuwar filta mai kyau.

Yanzu maganar ƙarar. Abu biyu ne suka fi kawo irinta a wannan inji, ɗaya mai sauƙi, ɗaya mai cin aljihu. Mai sauƙin shi ne ƙusoshin da ke ɗaure bakin bututun hayaƙi da kan inji. Zafi da sanyi na shekaru yana karya su, sai hayaƙi ya riƙa tsartowa ta ɗan gibin, ya yi wannan tik-tik. Da ƙarfen ya ɗau zafi sai ya faɗaɗa ya toshe gibin, ƙarar ta ɓace. Yadda ka kwatanta taka, ta fi kama da wannan. Sau da yawa ma za ka ga baƙin toka a wajen, ko a taɓa kan ƙusar ya faɗo a hannu.

Mai tsadar kuwa, 'yan ƙarafan da ke ɗaga bawul ne. Kowanne yana da ƙaramar gargare da ke birgima a kan kamshaf. Idan gargaren ta cije, sai ta fara kankare kamshaf ɗin, garin ƙarfe ya bi mai ya zaga inji gaba ɗaya. Ita wannan ƙarar ba ta ɗaukewa don inji ya yi zafi, kuma daga baya mota za ta fara kakkarwa, fitilar inji ta kama. Gyaranta sai an cire kawunan inji, kuma riyal 3,000 ɗinka ba za su kai ko'ina ba. Ban ce ita ce ba, amma ba a yanke hukunci da kunne kawai. Idan an cire tsohuwar filtar mai, ka sa a yanka ta a buɗe takardar ciki a rana. In ka ga tana ƙyalli kamar an barbaɗa garin azurfa, kada motar ta ƙara motsawa sai a kan sadaha, wato motar da ke ɗaukar mota a bayanta. A kuma jona mata kwamfuta a ga ko akwai silindar da ke tsallake wuta.

Ɗan Fagge a Jidda:

Na gode yaya, Allah ya saka da alheri. Gabana ya faɗi da maganar garin azurfar nan. Wani abu da ban faɗa ba: kullum idan na je ɗauko yara daga makaranta nakan zauna a ciki da mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, a kunne kusan rabin awa. Hakan yana da illa? Kuma fetur mai lamba 91 nake sha, ko sai 95?

Bakanike na Sana'iyya:

Yana da ita. Inji yana aiki, mai yana tsufa, amma mitar kilomita ba ta motsi, sai ka ɗauka man nan sabo ne. Littafin motar na Amurka ya ce kada a wuce kilomita 16,000 ko shekara ɗaya, amma a ƙasa ya ƙara da cewa motar da ke aiki cikin ƙura ko yawan tsayawa inji na kunne, a juye a kilomita 6,500. To ka gaya min, a cikin biyun nan wanne ne rayuwarmu a Jidda? Ni kwastomomina masu irin motarka ba na bari su haura 7,000.

Fetur kuma, lambar da ake rubutawa a Amurka ba irin tamu ba ce. 89 ɗin da littafin ya fi so ta fi kusa da 95 ɗinmu, 91 ɗinmu kuma ita ce 87 ɗinsu, wadda mota za ta iya sha amma ba ita ce zaɓin farko ba. Da zafi irin na Yuli, ga mukayyif, ga hawan dutse, 95 za ka sha. Bambancin halala 15 ne a lita, wato kwabon riyal.

Direban Madina:

Kowa ya tafi kan inji, ni birki da taya ne suka tsaya min a rai, tunda ka ce Hada kuma da iyali.

Shekara goma sha ɗaya ina jigilar baƙi tsakanin Makka, Madina da Ta'if. Hawan Hada ba shi ne abin tsoro ba, saukowa ce. Ta'if tana kan tudu kusan mita 1,900, kuma a 'yan kilomitoci kaɗan za ka gangaro har kusa da Arafa, kwana bayan kwana. Motarka ta kusa tan biyu tun kafin a sa mutane da kaya. Man birki yana shan danshin iska a hankali, ka kuwa san danshin Jidda. Sabon man birki irin DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Celsius, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a wajen 140. Da ya tafasa, za ka taka birki ka ji ƙafarka ta nutse kamar ka taka soso. Ya taɓa faruwa da ni a wata motar haya da na karɓa ban duba ba, Allah ne ya sa akwai wajen ratsewa a gaba. Na zauna a bakin hanya kusan awa ɗaya ƙafata na rawa, birai suna kallona. Tun daga ranar, duk shekara biyu nake zubar da man birki ko da ya yi kyan gani. Kuma in za ka sauko, ka mayar da giya hannu ka riƙe ta a ta biyu ko ta uku, inji ya riƙe motar, kada ka kwantar da ƙafa a kan birki.

Taya kuma kada zanenta ya ruɗe ka. Duba gefenta, bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. A kwaltar ƙasar nan da rana, tayar da ta haura shekara huɗu ko biyar ni ba na ɗora mata 'ya'yana, ko da zanenta bai taɓu ba. Hanyar Madina akwai inda aka yarda a yi 140, kuma ɓallin robar da kake gani zube a gefen titi ai daga jikin motocin mutane ya fito.

Maman Yara a Ta'if:

Ɗan'uwa, ni ban san inji ba, amma na san aljihu. Maigidana ya taɓa riƙe irin waɗannan motoci masu gudu. Abin da na lura, kuɗin sayenta ne kawai ya sauka don ta tsufa, kuɗin kayanta yana nan yadda yake tun tana sabuwa. Taya ɗayarta ta kusa kuɗin biyu na ƙaramar mota. Abin da ya cece mu shi ne ware wani abu duk wata a asusu daban, ba a taɓawa sai don mota. Salansa mai ruri kuwa, don Allah ka tausaya wa maƙwabta da asuba. Ka tambayi maman yaranka ma ka ji ra'ayinta.

Baban Makka:

Yaro, Allah ya sanya albarka a abin hawa. Shekarata arba'in da ɗoriya a ƙasar nan, na ga samari da yawa sun sayi doki ba su tanadi dawa ba.

Fahas da ka ce ta ci, ka san abin da suke dubawa: birki, fitilu, hayaƙi, ƙarƙashin mota. Ba sa buɗe inji, ba sa sanin yaushe aka canja man giya. Ka ciro rahoton tarihin mota na Mojaz da lambar shasi, zai nuna maka mutum nawa suka riƙe ta da haɗurran da aka rubuta. Sannan ka ɗaga kafet ɗin but, inda batir ɗinta yake, ka duba ko akwai tsatsa ko busasshen laka. Jidda ta ga ambaliya a Nuwamban 2022, motoci da dama sun sha ruwa, an wanke su an kai kasuwa.

Ruwan lagireto kuma, kada ka yarda kowa ya ƙara maka na famfo ko wani kore da aka samu a banshar. Irin nata daban ne, kuma in aka gauraya iri biyu yana iya yin kauri ya toshe hanyoyi. Irin wannan mota ba ta yafe zafi, sau ɗaya allura ta hau ja ka ci gaba da tafiya, ka gama da gaskit. Wani abu kuma, motar nan tana jan matasa. Kada ka ba wa kowa aro. Tarar tafhiɗ, wato wasan ganganci da mota, riyal 20,000 ce a karon farko, ga kama mota, kuma sunanka ne a istimara.

Bakanike na Sana'iyya:

Baba ya gama magana. Bari in tsara maka yadda 3,000 ɗin za su tafi, tunda ba za su ɗauki komai a lokaci ɗaya ba. Motar da ba ta da takardu, ɗauka ake yi ba a taɓa yi mata komai ba. Kafin Ta'if: baƙin mai da filta, binciken ƙarar, man birki da duba takalman birki, filtar iska, sai taya in ta tsufa. A wanke gaban lagireto da na mukayyif, ƙura tana cushewa a tsakaninsu. Wata mai zuwa, ruwan lagireto da fulogi. Kada ka yi mamaki in aka ce maka 16, kowace silinda biyu take da su. Bayan nan man giya. Giyarta mai takwas ce ta kamfanin ZF, za ka ji ana cewa manta na har abada ne, amma su masu ƙera giyar suna ba da shawarar a canja, kuma a 168,000 cikin wannan zafi lokaci ya yi. Filtarta a manne take da kwanon ƙasa, tare ake canja su, kuma man nata na musamman ne, ba kowane gareji za ka kai ba. A rana ɗaya a duba man difiransha na baya.

Ka sayi ɗan littafi ka ajiye a mota, duk abin da aka yi ka rubuta rana da kilomita, ka manna rasit. Ranar da za ka sayar, littafin nan zai ƙara mata kuɗi fiye da salansa. A allon gabanka ma akwai shafin da ke nuna zafin mai, matsinsa da zafin giya, ka saba da lambobin tun tana lafiya don ka gane ranar da suka canja.

Ɗan Damagaram:

To na janye maganata. Yanzu na leƙa gefen tayar Hilux ɗina, ba zan faɗi abin da na gani ba.

Ɗan Fagge a Jidda:

'Yan'uwa ga yadda aka yi. Na kai ta jiya da safe tun inji na sanyi. An yanka filta, alhamdu lillahi babu ƙyalli, kwamfuta ma ba ta nuna komai ba. Ƙusoshi biyu ne suka karye a ɓangaren dama ta baya, ɗaya ta karye a ciki sai da aka yi walda aka zaro ta. An zuba 5W-20. Man birkin da aka zubar kamar shayin da aka manta a kan wuta. Tayoyin gaba 2022 ne, na baya kuwa ɗaya 2018, ɗaya 2017, ba ma kamfani ɗaya ba. Na canja biyun bayan, kuɗin sun ƙare har na ciwo 400 wajen abokin aikina. Yau da asuba na tayar da ita, shiru.

Baba, na ɗaga kafet ɗin but, babu laka, amma batir ɗin ya kumbura a gefe, shi ma yana jiran albashi. Mun ɗage Ta'if zuwa wata mai zuwa. Yaya Bakanike, man giyar nan, a nan Jidda za a samu na asali ko sai an yi oda?