Wai afraid da scared ba abu ɗaya ba ne?

Ɗan Fagge: Jama'a ku raba ni da malamin Turancinmu, na rubuta "an afraid boy" ya bi da jan biro ya zaftare min maki wai sai dai scared ko frightened, to ba duk tsoro ba ne? Neman wahalar da mutane ne kawai wallahi

Anti Malama: Malaminka na da gaskiya ƙanena. Afraid ba ta zama a gaban suna, sai dai ka ce the boy is afraid, amma a scared boy babu laifi. Frightened ta fi dacewa in abu ya firgita ka nan take, terrified kuwa sai irin ranar da ɗan fashi ya ɗora maka bindiga jiki na ɓari baki ya kasa salati. Kuma in Bature ya ce I'm afraid ba mu da gurbin aiki, ba tsoronka yake ji ba, haƙuri yake ba ka.

Basakkwace: Hirgita kinka ce? Ai wagga razana ta. Hirgita cikin kwana aka yin ta, in mutum ya yi mugun mahwalki

Ɗan Fagge: Ikon Allah, wanda ko firgita bai iya faɗa ba shi ne zai koya mana ma'anarta

Na Maraɗi: Ku Kanawa kun cika raini, Hausar ma ai rabinta kun cuɗa da Ingilishi. Basakkwace ya hi ku gaskiya

Maman Ilham: Jiya-jiya akuya ta faɗo min kicin da magariba na saki ludayi na yi waje ba ko mayafi, idona biyu ba barci nake ba, kuma firgita na yi, kowa a gidanmu haka ya ce

Basakkwace: Razana kinka yi Hajiya, mutanen gidanku ba ƙamus ba ne

Maman Ilham: Kar ka sako min gidanmu malam, ban san ka ba

Anti Malama: Ni fa a kan afraid muke, ban ma zo kan panic da dread ba

Admin: To ya isa haka. Abin da na fahimta, firgita da razana duk ana cewa, amma Hausar da ake rubuta littafi da jarida ta Kano ce, don haka maganar Maman Ilham ta fi ƙarfi. Na Maraɗi ka janye kalmar raini ko in cire ka. Ɗan Fagge kai kuma je ka roƙi malaminka ko ya dawo maka da makin.