Labaran ƙuruciya da balaga na Birtaniya: da wanne za a fara?

Ƙanwar Zaure: Assalamu alaikum. Ƙungiyar karatu ce ta 'yan SS2, masu shekara 15 zuwa 17, zama sau ɗaya a mako na tsawon zango guda. Ana son littattafan Birtaniya da ke nuna yadda yaro ke zama mutum. An ce a fara da Great Expectations. Me kuka gani?

Malam Na Adabi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ku fara da shi. Babi 59 ne, Charles Dickens ya riƙa fitar da shi mako-mako a mujalla daga 1860 zuwa 1861, ke kuma mako goma sha biyu gare ki. Babi biyar kenan duk mako, da Turancin da. Kafin mako na uku rabin yaran sun sulale. In dole ne, ku tsaya a babi na 19, inda Pip, yaron da labarin ke kansa, ya bar maƙerar Joe mijin yayarsa ya nufi Landan, sai ku tsallaka zuwa na 27, inda Joe ya kai masa ziyara shi kuma yana jin kunyar a gan su tare. Taƙaitaccen bugu ba ya maganin wannan, domin yakan bar labarin ya zubar da muryar Pip babba da ke hukunta ƙuruciyarsa, alhali nan darasin yake.

Anti Laburare: Gaskiyar Malam. Ki ɗauki A Kestrel for a Knave na Barry Hines, 1968. Gajere ne, kusan duk a yini ɗaya ya faru. Billy Casper ɗan shekara 15 ne a garin masu haƙar kwal a Yorkshire da ke arewacin Ingila, a gida yayansa na dukansa, a makaranta an fitar da rai da shi, sai ya ɗauko ɗan shaho daga sheƙa ya horar da shi da taimakon littafin da ya sato a kanti. Amma ki ba da zaman farko kacokan ga tsarin makarantarsu, in ba haka ba yara za su ɗauka Billy malalaci ne kawai. Bayan dokar ilimi ta 1944, yaro yana shekara 11 yake yin jarrabawar da ke raba hanya. Wanda ya ci ya tafi makarantar da ke kai wa jami'a, mafi yawa kuma a tura su wadda ke shirya su aikin ƙarfi. Sai a 1972 aka ɗaga shekarun barin makaranta daga 15 zuwa 16. Shi ya sa jami'in samar da aiki ke yi masa maganar ramin kwal tun yana ɗalibi.

Wahalar littafin ita ce karin harshen Yorkshire a cikin hirarraki. A karanta da ƙarfi, mutum biyu suna karɓa-karɓa. A ido yana da wuya, a kunne yana warwarewa.

Yaya Babba: Anti, a haɗa da fim ɗinsa, Kes, na Ken Loach, 1969. A kunna rubutun ƙasa, don ko Bature ɗan kudu sai ya kasa kunne. A tsallake wurin wanka bayan ƙwallo.

Baffa Mai Kanti: Ku dai duk baƙin ciki kuke zaɓo wa yara. Ina The Secret Diary of Adrian Mole, Aged 13¾ na Sue Townsend, 1982? Rubutun kullum-kullum ne, wata ranar layi uku kacal, mai raunin karatu ma zai bi. Ƙurajen fuska, soyayyar Pandora, da yaron da ya ɗauki kansa masani.

Malam Na Adabi: Baffa, sauƙinsa na yaudara. Dariyar tana cikin abin da Adrian bai gane ba. Yana rubuta yadda maƙwabcinsu Lucas ke yawan shigowa wajen mahaifiyarsa da zuciya ɗaya, mai karatu ne zai hango inda aka dosa. Yaron da ke ɗaukar kowace jimla yadda take zai gama shafi ko murmushi bai yi ba. Bayan kowane wata a tambaye su: me ya faru wanda shi bai lura ba? Sannan a gaya musu firaminista Margaret Thatcher ta hau mulki a 1979, marasa aiki sun haura miliyan 3 a farkon 1982, don su fahimci zaman mahaifinsa a gida. Kuma yana maganar balaga ƙarara. Malama ta riga su karantawa ta yi wa shafuka alama.

Yaya Babba: Akwai Pigeon English na Stephen Kelman, 2011. Harri ɗan shekara 11 ne da ya zo Landan daga Ghana, kuma kisan Damilola Taylor, yaro ɗan Najeriya, a unguwar Peckham a 2000 ne ya zaburar da marubucin. Yana cikin littattafan jarrabawar GCSE ta 'yan sakandare a can. Sai dai ashar da wuƙa sun yi yawa, kada a raba shi sai iyaye sun sani.

Anti Laburare: Kuma duk labaran yara maza aka jero. Ga Anita and Me na Meera Syal, 1996: Meena, 'yar Indiyawa a ƙauyen Turawa, tana bin wata ƙawa da ta girme ta har ta gane irin kallon da ake yi wa iyayenta. 'Yan mata za su yi ta muhawara a kansa.

Ƙanwar Zaure: Na gode ƙwarai. To Kestrel mako biyar, Anita mako shida, fim a na ƙarshe?

Malam Na Adabi: Ya yi, amma ki dawo da fim ɗin mako na shida tun labarin bai huce ba. Kuma ki tabbata kwafin duk bugu ɗaya ne, in ba haka ba ki ce shafi na 40 kowa ya buɗe wuri daban.