Yara 'yan makaranta da keke a hanyar Wudil

Tambaya: Jama'a, ya za mu kare yaranmu masu zuwa makaranta a keke? Ranar Juma'a, kasuwar Wudil na ci, tireloli ba sa ɗaga ƙafa.

Mai gyaran keke: Ɗan'uwa, fara da birki. Robar in ta cinye, ƙarfe ke gogar rim, ba ya kamawa, balle da damina. A canza robobin biyu tare. A manna sitika ja mai ƙyalli a baya, farar fitila a gaba.

Direba: Su bi hannun dama, ɗaya bayan ɗaya. Mai tahowa ta hannun da ba nasa ba, wallahi sai ya iso muke ganinsa.

Malamin makaranta: Yashin gefen kwalta ne ke kayar da su, taya ta nutse yaro ya faɗo titi. A yi gayya a kwashe shi.